Sun Sassare Lambunki, Yaya

Ranar Talata, 16 ga Yuli, 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran Sikhanyisiwe Mlotshwa, tsohuwar ungozomar asibitin unguwarmu a Bulawayo, wadda kowa ke kira NaThembi, wato uwar Thembi. Yayata ce, ciki ɗaya. Fasto ya ce in rubuta kalmomi masu sanyaya zuciya. Ki gafarce ni, Yaya, ba ni da su.

Shekarar da aka fara ɗauke mana ruwan famfo kwana da kwanaki, kika sa fartanya kika tone koriyar ciyawar ƙofar gidanki. Kika ce ba za ki shayar da ciyawa ba, jikokinki suna wanka da kofi. Kika je ƙauyenmu kika dawo da buhunan kabar giwa da ƙerana da moda da kariya, kika dasa, kika lulluɓe ƙasar da tsakuwa. Ɗaurayar kwanuka kawai suke sha, ita ma ba kullum ba.

Maƙwabciyarki MaSibindi, shugabar zumuntar matan cocinmu, ta leƙo ta katanga ina zaune.

"NaThembi, wannan lambu ne ko maƙabarta?"

"Maƙabarta ce, Mama. Idan furen wardinki ya mutu ki kawo in binne miki."

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Wardin kuwa ya mutu. Da jikanta ya kamu da gudawa daga ruwan wata rijiya, ke kika dama masa ruwan gishiri da sukari, ke kika goya shi zuwa asibiti. Yana warkewa ta bi gida gida tana cewa ƙayoyin nan ba banza kika shuka su ba, kurwar yara kike ɗaurewa a gindinsu. Matan da kika karɓi haihuwarsu da hannunki suka koma tsallaka titi idan sun hango ki. Aka cire ki daga zumunta. Wata Asabar da rana tsaka samari suka shigo da adduna suka sassare lambun, iyayensu na tsaye suna kallo. Na sa takalmi zan tafi wurin 'yan sanda, kika riƙe ni.

"Nomvelo, bar su. Ɗauko kwando, sun rage mini wahalar yankan iri."

Kika dasa gutsattsarin a gwangwanaye, kika jera a kan katanga don mai so ya ɗauka. Ba wanda ya taɓa ɗauka a idon mutane, amma kullum gwangwanayen raguwa suke. Yau a bi layinmu a duba: a farin bana komai ya ƙone, ba abin da ke tsaye a ƙofar gidaje sai irinki. Har kika kwanta ciwo, ko mutum ɗaya bai tako ya ce ki yi haƙuri ba.

Ranar jana'iza sai ga MaSibindi da almakashi ta nufi kabar giwarki, wadda ta yi jan fure, wai za ta yanka a ɗora a kan akwatin gawa. Na tare ta.

"Mama, ajiye. Furen mayya ne, kada ya kama ki."

Ta fashe da kuka. Ta yi ta yi, ban rarrashe ta ba.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya ba ki hutun da ba ki samu a layin nan ba. Ya ba Thembi da 'ya'yanta da dukan zuriyar Mlotshwa haƙurin wannan rashi. Ku kuwa da kuka cika gidan makoki da waƙa, kuka ci tuwo da nama kuka watse, ta yafe muku tun tana raye, da kunnena na ji. Wannan tsakaninku da ita ne. Ni kada wanda ya gaishe ni.