Zoɓo a Gidan Beaumont

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da uwargida, ranar Asabar ɗin da ta wuce. Wilmslow Road, babbar hanyar unguwarmu a nan Manchester, da ta saba cika da hayaƙin gashi da hayaniya tana kwance shiru, sai bas-bas da ke wucewa babu kowa a ciki. Birmingham muka nufa, kuma ba yawon buɗe ido ya kai mu ba. Bincike aka tura ni.

'Yar yayana marigayi, wadda ta ƙarasa girma a hannuna, ita ta kawo wanda take so. Yaron musulmi ne, injiniya, amma ba Bahaushe ba, ba ma ɗan Najeriya ba. Babban yayanmu da ke Kano, wanda shi ne waliyyinta, ya ce mini a waya: "Je ka ga gidansu da idonka. Abin da ka faɗa mini, da shi zan yi aiki." Wato auren yarinyar nan a bakina yake. Da za mu fito ta biyo mu har bakin mota tana cewa, "Baffa, please, kada ka yi musu interview irin na office ɗinku."

Ni kuwa na riga na yi nawa shirin. Sunan gidansu Beaumont, na kuma duba na ga sunan garuruwa ne da dama a Faransa, ma'anarsa kyakkyawan tudu. To mu ai mun san wannan. A makaranta sunan gari ake liƙa wa yaro, ni kaina sunan ƙauyenmu nake amsawa a wurin aiki, Turawa na karya shi kullum. Saboda haka na yanke cewa asalinsu can ne. Na karanta cewa masu wannan suna sun tsallako Ingila tare da mayaƙan Normandi na Faransa, har suka riƙe sarautar Warwick, nan kusa da Birmingham, kuma an yi manyan malaman coci da hafsoshi a cikinsu. Na san yaron baƙi ne kamata, amma na ce wataƙila wani kaka ne ya yi aure a wajenmu. Uwargida ta ce, "Kai dai so kake a ce ka haɗa zuri'a da masu ganuwa." Ban musa ba.

Babbar hanyar M6 tana nan yadda kuka san ta: yayyafi, manyan motoci, da gyaran hanyar da tun zuwana ƙasar nan ban ga an gama ba. Tumaki na kiwo a gefe, ƙiba kamar an hura su. Mun tsaya a wurin hutawa, na ga kuɗin shayi kofi guda, sai na koma mota da mutuncina. Allah ya yi wa uwargida albarka, ta taho da fulas da fanke. Kusa da Birmingham, a wurin gadojin nan da suka hau kan juna, na'urar nuna hanya ta ce hagu, uwargida ta ce dama, na bi na'ura, muka yi zagaye na banza. Har yanzu ana tuna mini.

A Handsworth suke zaune. Unguwar ta burge ni: shagunan gwal na Indiyawa, doya da ayabar suya jibge a bakin titi, sun kuma fi na Manchester araha. Yaron ya tare mu a ƙofar wani ɗan gida mai jan bulo, ya rusuna yadda na tabbata koya masa aka yi. Mahaifinsa, wanda ya musulunta tun yana saurayi, ya rasu, mahaifiyarsa kuma tana aikin asibiti ranar. Babbar gidan ita ce kakarsa ta wajen uba, tsohuwa 'yar gajeriya mai kaifin ido, Kirista, wadda ta zo daga tsibirin Saint Lucia, can ƙetaren babban teku, tana amarya. Kafin mu zauna ta gaya mana cewa naman daga mahaucin musulmi ta sayo shi, tukunyar ma sabuwa ce.

Bayan gaisuwa na gyara zama na zuba ilimina. Na kawo garuruwan Faransa, na kawo Warwick, na tambaye ta daga wanne gari cikinsu kakanninsu suka taso. Yaron ya sunkuyar da kai. Uwargida ta taka mini ƙafa, amma magana ta riga ta fita.

Tsohuwar ba ta ɓata rai ba. Ta ce, "Ɗana, babu wanda ya taɓa taka Faransa a cikinmu. Wannan sunan mai gonar rake ne, wanda ya mallaki kakannin mijina. Daga wajenku aka kwaso su. Sunayensu na asali babu wanda ya sani."

Jama'a, kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya. Kun san mutanenmu da maganar asali. Na san irin shirun da za a yi a Kano idan na ce jikan bayi ne, na kuma tuna fuskar yarinyar nan a bakin mota.

Sai tsohuwar ta dogara sandarta ta ce in zo in ga masu sunan da ita ta sani. Bangon falon cike yake da hotuna. Ga mijinta da kayan aikin narka ƙarfe, wanda ya sayi gidan nan a lokacin da masu gidajen haya ke rufe musu ƙofa saboda launin fatarsu. Ga 'yarta, gwaggon yaron, cikin kayan nas. Ga mahaifin yaron da farar hula, ranar da ya dawo daga Makka. Ta ce, "Ba mu roƙi sunan ba, ɗora mana aka yi. Amma mu muka wanke shi."

Aka kawo abinci: ɗanyar ayaba dafaffiya da busasshen kifi mai gishiri, sai shinkafa da wake da naman akuya. Sannan ta zuba mana wani jan abin sha. Ina kurɓa na dubi uwargida, ita ma ta dube ni. Zoɓo ne, wallahi, har da citta da kanumfari, kamar daga tulun gidanmu aka ɗebo. Tsohuwar ta ce daga kakarta ta koya. Ban san lokacin da idona ya cika ba. An raba mutanen nan da sunansu da harshensu, ga shi zoɓo ya bi su har nan.

Duk da haka bincike bincike ne. Da azahar na bi yaron masallacin unguwa, bayan salla na ja wani dattijo ɗan Somaliya gefe na tambaye shi, yadda ake yi a gida. Ya ce, "Wannan? Duk Lahadi shi ke kai kakarsa coci, ya zauna a mota har ta fito. In an yi rasuwa a nan kuwa, da shi ake wankan gawa." Ban ƙara tambayar kowa ba.

A hanyar dawowa na tsaya a wurin hutawar nan na kira Kano. Ban rage komai ba, har gonar raken na faɗa. Shirun da na ji tsoro ya zo, ya kuma daɗe. Can Yaya ya ce, "Kai da ka gani, in 'yar cikinka ce, za ka ba shi?" Na ce ai 'yar cikina ce, kuma zan ba shi. Ya ce, "To su turo manyansu."

Na gode wa Allah da wannan tafiya. Na gode wa tsohuwar da ta rufa mini asiri a cikin falonta, ba ta mayar da wautata abin faɗa ba. Na je neman asali a cikin littattafai da ganuwar sarakai, na same shi a bangon falo da bakin maƙwabta, inda iyayenmu suka saba nemansa tun farko.

Mun shigo unguwarmu Rusholme da magariba. Tun kafin in kashe mota yarinyar ta buɗe ƙofar gida, ta tsaya tana kallon bakina. Na ɗauko gorar zoɓon da tsohuwar ta ƙulla mana, na miƙa mata.

Na ce, "Ungo, kakarki ta ce a ba ki."