Ranar da Muka Tuɓe wa Kwamfuta Riga

Baba mai gyaran rediyo ne a Gummi, kuma a zaurenmu yake aikinsa. Tun ina ƙarama nake zama kusa da teburinsa ina miƙa masa sukudireba. In an kawo rediyon da ya ƙi magana, ba ya saurin buɗe shi. Sai ya kunna, ya ɗora bayan hannunsa a jiki, ya sunkuya ya shinshina, sannan ya faɗi abin da ya lalace. Da wuya ya kuskure.

Kwamfutar kuwa wani malamin makaranta ne ɗan Binuwai ya bar masa ita da aka yi masa canjin wurin aiki, farkon shekarun dubu biyu. Tsohuwa ce, farinta har ya koma ruwan ƙasa. Ya haɗa mana da faifai guda, da wani abin riƙewa mai maɓallai da samari ke kira fad. A cikin faifan akwai manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi injin gem, irin wanda ake jonawa a talabijin, da wasan ƙwallo a ciki. Ni ce na iya ta a gidan, don lokacin ina aikin buga takardu a wata makaranta. In buga takarda ce, lafiya lau take yi. Amma da an kunna ƙwallon sai 'yan wasa su riƙa tafiya kamar masu ratsa laka a fadama.

A shekarar ne hawan jini ya kayar da Baba. Ya tashi, magana ta dawo, ƙafa ta dawo da ɗingishi, amma hannun dama ya kwanta a cinya ya ƙi tashi. Ma'aikaciyar jinya ta ba shi ƙwallon roba, ta ce ya riƙa matsawa kullum ko yatsun za su farfaɗo. Muna isowa gida ya jefa ta bayan rumbu da hannun hagu, ya ce shi ba jariri ba ne. Ya daina shiga zaure. Masu rediyo suka zo suka gaji suka kwashe kayansu.

Wata rana da aka kawo wuta na lallashe shi ya fito zauren, na kunna masa ƙwallon, na ɗora masa fad a cinya. Ya riƙe da hagu. Wallahi da idona na ga babban yatsan damansa ya motsa ya danna maɓalli. Sai dai ɗan wasan bai buga ba sai da Baba ya riga ya ɗauke kai.

"Ni da wagga aba," in ji shi, "wa yah hi wani shanyewa?"

Ya ture fad ɗin ya koma ɗaki. Raina ya ɓaci, amma ba da shi ba. Da kwamfutar nake fushi. Yatsan nan ya motsa sau ɗaya tak, ita kuma ta ba shi kunya. Na rantse sai na sa ta gudu.

Cikin kwanakin nan Baffa ya zo, ƙanen Baba da ke noma a wajen Zugu. Mutum ne mai son ɗan'uwansa, ban hana masa wannan ba, amma in ya yanke magana yana ganin ta yanku ke nan. Ya ce zai tafi da Baba ƙauye ya huta. Kayan aiki a sayar, kwamfuta a ba 'yan gwangwan, zaure a zuba buhunan shinkafa.

"Hannu ya tahi, ɗiyata," ya ce mini. "Mi za a yi da sukudireba?"

Na ce masa hannu bai tafi ko'ina ba, ya ba ni mako biyu. Ya yi dariya, ya ce ranar kasuwa ta biyu zai dawo da mota. Baba yana zaune yana ji, ya kawar da kai. Kawar da kan nan ya fi maganar Baffa yi mini zafi.

Na sayar da tunkiyata. Na hau mota ta Anka har Gusau, na sami shagon masu sayar da tsofaffin kayan kwamfuta. Mai shagon ya dube ni da hijabina, ya tambaye ni wa ya aiko ni. Na ce ni na aiko kaina. Na karanta masa lambobin da na kwafo daga cikin kwamfutar, sai ya gyara zama. Na sayo abu biyu. Ɗaya siririn allo ne da suke kira ram, mai ƙara wa kwamfuta wurin riƙe aiki. Ɗayan katin hoto ne mai 'yar fanka a jikinsa, wanda zai ɗauke mata nauyin zana 'yan wasa. Da Baffa ya sami labari, ya aiko a tambaye ni ko gaskiya ne na ba da tunkiya mai ciki na karɓo ƙarfe biyu da ba su cika tafin hannu ba. Na ce a gaya masa gaskiya ne.

Da safe na buɗe kwamfutar, na dasa su, na gwada tana buɗe. 'Yan wasa suka zuba da gudu, na danna suka buga nan take. Na yi guɗa ni kaɗai a zaure. Na mayar da murfi na ɗaure ƙusoshi.

A gidanmu abu mai daraja ba ya zama tsirara. Talabijin tana da rigarta, keken ɗinki yana da tasa, har madubin Inna. Da Inna ta ga abin da ya ci tunkiya guda, sai ta ce ya wuce a yafa masa tsumma. Ta ɗauko ragowar atamfarta, ta yi ninki biyu, ta sa soso a tsakani, ta ɗinka masa riga daidai jikinsa, gaba da baya, da 'yar ƙofa wurin maɓalli da wurin wayoyi. Ta yi kyau ƙwarai. Inna ba ta iya ja da Baffa da baki, don haka na san da allura ta goya mini baya. Da hannuna na saka wa kwamfutar, ina jin daɗi.

Daga nan wutar lantarki ta ɗauke ta ƙi dawowa, ban sake gwadawa ba har ranar kasuwa.

Baffa ya iso bayan azahar, tsakiyar bazara, zafi kamar a bakin murhu. Motar tana ƙofar gida tana jira. Na aro janareta a maƙwabta, na zaunar da Baba a kujerarsa ta aiki, Baffa ya tsaya a bakin ƙofa, Inna tana leƙe ta bayan labule. Na kunna. Wasa ya tashi sumul, har Baffa ya matso. Na miƙa wa Baba fad, ya kawar da kai, amma idonsa yana kan allo. Na ce a raina bari ya ƙara kallo, zai karɓa.

Ba a yi minti goma ba 'yan wasa suka fara tsayawa suna tafiya. Hoto ya yayyage. Sai kwamfutar ta mutu ɗif.

"To, an gani," in ji Baffa. "Wasan yara na, kuma ko shi bai yi ba. A hiddo kayan."

Na sake kunnawa, ta tashi ta sake mutuwa. Hawaye suka zo mini, na haɗiye su don kada ya gani. Na tsaya tsakaninsa da teburin, na ce ba mai taɓa ko ƙusa ɗaya a zauren nan. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar, kuma har yau ban yi nadama ba. Baffa ya buɗe baki zai yi magana, sai muka ji Baba.

"Matso min da ita."

Na turo ta gabansa. Ya zura hannun hagu ƙarƙashin atamfar, ya ɗora bayan hannunsa a jikin ƙarfen, ya janye da sauri. Ya sunkuya ya shinshina.

"Wa yas sa mata bargo cikin bazara? Numhwashi taka biɗa. Tuɓe ta."

"Tsirara za a bar ta gaban mutane?" in ji Inna daga bayan labule.

"Tsirara," in ji Baba.

Na zare rigar. Ramukan iska duk rigar ta toshe su, ga sabon kati yana ƙara zafi a ciki, ni kuma da karatuna ban lura ba. Baba ya ce a cire murfin gefe ma, a juyo mata fankar tebur. Na ɗauki sukudireba, amma ta zame daga kan ƙusar sau biyu.

"Za ki cinye mata kai," ya ce. "Miƙo."

Ya karɓa da hagu. Ya saita, ya murɗa, ta zame. Aikin na hannu biyu ne, ɗaya ya riƙe bakin ƙarfen, ɗaya ya juya. Ya sake gwadawa, ta sake zamewa. Baffa ya miƙo hannu zai taimaka, na tare shi da kafaɗa. Sai hannun daman Baba ya taso daga cinya, a hankali, yana karkarwa, ya hau teburi. Yatsu biyu suka kama bakin sukudireba suka riƙe ta a kan ƙusar. Gumi yana ɗiga daga gemunsa. Ƙusa ɗaya ta ci lokacin da a da zai kwance rediyo guda, amma ta fita, ta faɗo kan teburi ta mirgina. Ya koma kan ta biyu.

Da murfi ya fita, fanka ta buga mata iska, na kunna. Ta yi ta gudu har man janareta ya ƙare. Baba ko kallon fad bai yi ba. Daga baya ma ya ce gaskiyar Baffa ce, wasan yara ne, ni ce nake bugawa in na taso aiki. Hannun bai dawo duka ba har ya bar duniya, amma yatsu biyun nan sun riƙe masa ƙarfe shekaru.

Ranar dai direba ya gaji da jira ya danna oda. Baffa ya dubi ƙofa, ya dubi akwatin kayan aiki, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, kayan hwa?"

Baba bai ɗago ba. Ya riga ya jawo wani tsohon rediyo da mai shi ya manta da shi a ƙarƙashin tebur, yana laluben ƙusarsa.

"Aiki nika yi da su," ya ce. "Ba ka gani?"