Rediyon Surukina

Sabon zuwan lantarki Gumel ne, ina ɗan shagona na gyaran rediyo, sai ga surukina daga Sule Tankarkar, rungume da wani ƙaton akwati a cikin tsohon bargo. Rediyo ne irin na da, mai ƙananan kwalaben lantarki a ciki. Ya saye shi tun yana aiki a Kano, da ya koma ƙauye kuwa babu wuta, sai rediyon ya shekara da shekaru a ƙarƙashin gado.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Jona mana mu ji."

A cikin irin wannan rediyon akwai kwandansa, wani ɗan gwangwani mai tara wuta. In ya daɗe a ajiye sai ya yi rauni, ka sakar masa wuta gaba ɗaya ya fashe, ya ja wasu kayan su ƙone. Ga shi ban taɓa yi wa mutumin nan musu ba, ko idonsa ba na iya kallo. In ce a'a, na yi rashin kunya. In jona, na ƙona masa abin da yake ji da shi a gabansa.

Na ce, "To, Baba." Sai na yanke wayar, na sa ƙwan fitila a tsakani, don wutar ta riƙa shiga kaɗan-kaɗan. Ƙwan ya kama tar.

"Rediyo na kawo ko fitila?"

Kaina a sunkuye na ce, "Baba, dogon azumi ya yi. Da kunu za a fara masa kafin tuwo."

Ya ja benci ya zauna. Ni kuwa gumi kawai nake, ina taɓa gwangwanin ko ya yi zafi, ina shinshina ko zan ji ƙauri. Muka yi azahar muka dawo. Hasken ƙwan ya soma ja da baya, har ya koma ja-ja kamar garwashi.

Ya ce, "Shi ke nan, ya mutu."

"Ya farfaɗo ne, Baba. Gwangwanin ya ƙoshi, ya daina zuƙar wuta, shi ya sa ƙwan ya dushe."

Na cire ƙwan, na yi bisimilla, na jona. Shiru. Can sai gunji, sai ga muryar mai labarai raɗau. Wallahi don daɗi sai na zauna daɓas a ƙasa.

Ya daɗe yana saurare, hannunsa a kan akwatin. Sannan ya ce, "Taso ka hau bencin nan, ɗana. Mu ji tare."