Ƙafafun da na gani a bayan motar Yaya

Jama'a, wannan abu a kan idona ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma na rantse da Allah ban ƙara komai ba, sai dai in mantuwa ta sa na rage. Shekarun baya ne a Matameye, lokacin na gama jami'a a Damagaram ina zaune gida ina jiran aiki.

Yayana Sanusi yana da wata tsohuwar mota da yake jigilar 'yan kasuwa zuwa Kurni da Dungu, da rani kuma ya ajiye ta ya tafi Kano nema. A wannan shekarar sai ya dawo da wani abin ɗaga mota da ya saya na hannu, ba ƙaramin kirik ɗin da muka sani ba. Ƙarafa biyu ne shimfiɗaɗɗu, ana tura su ƙarƙashin mota dama da hagu, tiyo ya haɗa su da ɗan famfo mai tankin mai, ka jona batir ka danna, motar gaba ɗaya ta tashi. Ya ce shi da masu gareji an rabu.

Da na buɗe tankin sai na ga man ciki ya yi baƙi, warinsa kamar na man birki. Ban tabbata ba, don ni ba makanike ba ne, amma na karanta cewa man birki yana cinye robobin da ke tare mai a cikin irin wannan na'ura, baƙin man inji kuma ya yi mata kauri, man idirolik take so. Yaya ya bushe da dariya.

"Kai ɗan boko, mai ai mai ne! Ko na gyaɗa ka zuba masa tashi zai yi."

Ban saurare shi ba. Na shiga mota har Damagaram, na bi shaguna ina ƙin wanda ake ɗurawa a gorar ruwa, sai da na samu rufaffen galan mai rubutu a jiki. Na tsiyaye tsohon man, na zuba sabo. Amma na gaya masa robobin ciki ban gan su ba, mai yiwuwa sun riga sun ci. Ga kuma ƙarfen da ke kulle abin in ya tashi, na gefe ɗaya ya karye.

Da hantsi muka ɗaga motar a rumfar bayan gida. Ku riƙe wannan: katanga ce ta kewaye rumfar ta gefe uku, ba a shiga sai ta inda nake tsaye. Na ce mu tokare motar da turmi kafin ya shiga.

"Turmin Inna? Ba ka ji tana daka ba? Je ka karɓo in kai namiji ne. Noti ɗaya zan ɗaure a salansa, malam."

Ya kwanta ya shige har ƙugu, yana waƙa. Ni kuwa na tsuguna ina kallon tiyo, don hankalina bai kwanta ba. Can sai na ji wani ɗan sauti, tsss, sai ga mai yana kwarara daga ƙarfen da kullensa ya karye, ba ɗiga ba, kwarara, sabon man da na sayo yana bin ƙasa. Innalillahi! A sanina, in man ya fita babu sauran abin da ke riƙe da wannan gefen. Amma motar ba ta sauko ba. Rawa kawai take yi a hankali.

Sai na ji nishi. Irin na wanda aka ɗora wa buhun da ya fi ƙarfinsa. Na ɗauka Yaya ne, amma Yaya waƙarsa yake. Na sunkuya na leƙa ta ƙarƙashin motar, wallahi tallahi, a can ɗaya gefen, tsakanin mota da katanga, ƙafafun mutum na gani. Babu takalmi, duk baƙin mai, yatsun sun kafe a ƙasa, dugadugan suna nutsewa.

Da ƙyar na ce, "Yaya, fito."

"Saura kaɗan, matsoraci."

"Yaya, don girman Allah fito!"

"Miƙo mini ƙaramin kile in ɗaure notin tukuna."

Nishin ya ƙaru, na ga gwiwoyin can sun fara lanƙwashewa. Ban san lokacin da na cafki ƙafafun Yaya na fizgo shi ba, bayansa na gurzar ƙasa, yana zagina. Kansa na fita, motar ta faɗo, rim! Gefen da ya karye ya daki daidai inda ƙirjinsa yake. Dakan Inna ya tsaya, ta fito da taɓarya a hannu tana salati.

Muka zagaya bayan motar. Babu kowa. Sai sawu biyu a ƙasar da ta bushe kamar dutse, sun lotsa har yatsana yana shigewa. Yaya ya sa ƙafarsa a ciki, sawun ya fi tasa girma.

Sai bayan kwanaki ya gaya mini a cikin kayan wani makanike da ya rasu ya sayi abin, magadansa ne suka fitar, kamar suna neman rabuwa da shi. Na ce me ya kashe shi? Ya ce bai tambaya ba, kuma ba zai tambaya ba.

Ni dai ba zan ce ga wanda na gani ba. Wataƙila tsoro ne ya nuna mini ƙafafun, na sha gaya wa kaina haka, amma tsoro ba ya barin sawu. Abin da ke tayar mini da tsikar jiki har yau shi ne, in mutumin nan ne, to shi ranar tasa babu wanda ya riƙe masa.

Don haka in kun sayi irin wannan abu na hannu, ku tambayi man da aka taɓa zuba masa, ku tambayi kuma mai shi. Ku sa man da ya dace, ku tokare mota kafin ku shiga, ku yi bisimilla. Namu yana nan a ɗakin ajiya, mun kasa sayar wa kowa, kuma ni ba na shiga ɗakin ni kaɗai.