Jirgin Doña Herminia a Kan Kunkuru

Doña Herminia Sotelo maƙwabciyata ce a Esquina, katanga ɗaya ta raba mu. Duk wanda ya taɓa cin chipá mai zafi, wato ɗan burodin rogo da cuku, a bakin tashar motar garinmu, to ita ta gasa shi. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, tun daga nesa ake jin dariyarta. A gefen kogi aka haife ta, amma sai da ta aurar da autarta kafin ta taɓa riƙe filafili. Mahaifinta masunci ne, shi kuwa a wurinsa kwalekwale na 'ya'ya maza ne.

Wata Asabar sai ga ta a bayan motar kaya ta dawo daga garin Goya, ta sayo jan kayak, wani siririn kwalekwale mai mazauni biyu wanda ya fi motarta tsawo. Motar tata ƙarama ce tsohuwa, duk unguwa Kunkuru muke ce mata.

Mijinta, Don Anacleto, ya fito da ƙoƙon shayin mate a hannu, ya zagaya abin yana kaɗa kai.

"Herminia, wannan fa? Gado kika sayo mana?"

"Jirgina ne, maigida."

"To a ka za ki ɗauka har tafki?"

Gaɓar kogin da ke kusa da mu tsaye take, ba ta saukuwa, dole sai an fita bayan gari. Washegari ta shimfiɗa tsohuwar katifa a saman Kunkuru, muka taru muka ɗora jirgin. Don Anacleto ya ce mu shiga shi zai ɗaure. Muka shiga ni da ita, ya zura igiya ta tagogi, ya ƙulle tamau a sama.

Da muka isa tafki na murɗa ƙofa, ta ƙi buɗuwa. Ita ma tata haka. Ashe har da ƙofofin ya ɗaure. Masunta suka bar komarsu suka zo kallo.

"Doña, kifi kuka zo kamawa ko ku aka kamo?" in ji wani tsoho.

"Kwance mu tukuna, Baba, in ba ka amsa!"

Ta yi dariya har da hawaye, amma a hanyar dawowa ta ce da ni, "Leonor, ni da katifa kuma sai wajen barci."

Da sati ya zagayo muka tafi Goya neman kariyar ɗora kaya a saman mota. Mai shagon, wata doguwar mace da ake kira Ofelia, ta jero mana kala-kala. Akwai ta soso mai laushi da ake cirewa a ajiye, akwai mai ƙugiya da ke riƙe jirgi a gicciye, akwai sanduna biyu na ƙarfe masu kama bakin rufin mota. Ta yaba mai ƙugiyar sosai, ta ce ba ta cin wuri.

Herminia ta miƙa hannu sama, yatsunta ko kusa ba su kai inda ƙugiyar za ta tsaya ba.

"'Yar'uwa, dube ni da kyau. Wannan ta dogaye ce irinku. Ni wadda zan ɗora jirgi ni kaɗai nake so, ba sai na tashi maigida daga barcin rana ba."

Ofelia ta shiga ciki ta fito da wani gungumen roba mai juyawa, wanda ake ɗaurawa a sandar baya. Aka kafa sandunan a kan Kunkuru nan ƙofar shago, aka fito da kayak na gwaji. Herminia ta ɗaga hancinsa ta jingina a robar, ta koma baya ta kama wutsiya ta tura. Jirgin ya zame sumul ya hau. Ta sauke, ta sake ɗorawa, ta kuma sauke, har masu wucewa suka tsaya.

"Akwai sanduna da suka fi waɗannan faɗi?"

"Akwai, amma na jirgi biyu ne."

"Su nake so."

Na ce mata ai jirgi ɗaya gare ta. Ta ce yanzu ne.

Ba a daɗe ba kuwa Zulema mai kanti ta sayi nata, bayanta malamar makaranta ta ari na ƙaninta. Duk Lahadi bayan coci Kunkuru na zirga-zirga tsakanin unguwa da tafki, jirage biyu a ka, mata cike a ciki da kwandon abinci. Ni da nake tsoron ruwan da ya wuce gwiwa, a mazaunin gabanta na koyi tuƙi, tana ta yi mini tsiya wai ina dama ruwa kamar mai haɗa ƙullu.

Bara da aka yi gasar tsere a kogi ranar bikin gari, ta shiga. Samari suka wuce ta tun a kwanar farko. Aka gama raba kyaututtuka, makaɗa suka fara naɗe kayansu, sai wani ya hango ɗigon ja can nesa yana tahowa a hankali. Mai kaɗa akodiyon ya sake saɓa abinsa ya saki kiɗan rawar chamamé, jama'a suka koma bakin ruwa suna tafi suna kiran sunanta.

Ta iso jiƙe sharkaf, kumatu jawur. Shugaban gasa ya miƙa hannu zai kama ta ta fito.

"Doña, mun ɗauka kin wuce birnin Santa Fe ne."

"Wani tsuntsu na tsaya kallo," in ji ta. "Ku da kuke sauri me kuka gani?"

Ba ta ko cire rigar ruwa ba ta ja shi tsakiyar fili, suka yi rawa a kan yashi ruwa na ɗiga daga siket ɗinta.