Baba Uzairu da Iskar Ranar Lahadi

Da an sallame sallar asuba a unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira, Baba Uzairu ya kama hanya. Ƙaramar mota zuwa tashar jirgin ƙasa na metro, daga nan Wustul Balad, wato tsakiyar birni, kafin bakwai ya buɗe ɗan ɗakin da ke bayan ofishin ƙungiyar masu nutso a teku. Ya wanke hannu har sau biyu, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, sannan ya jawo na'urar numfashi ta farko, wadda mai nutso ke cizawa a baki don shaƙar iska daga tukunyar da ke bayansa. Sai ya warware ta gunduwa-gunduwa, ya duba kowace ƴar roba da tabarau mai kauri, ya mayar. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki. Bahaushen Port Sudan ne, a bakin Bahar Maliya ya tashi, ya yi nutso har ƙirjinsa ya ce ya isa haka, sannan ya zo Alƙahira ya zauna da kayan gyara.

Amma wanda yake son ganin Baba Uzairu sosai, to ya zo ranar Lahadi bayan la'asar. A lokacin ne waɗanda suka yi Juma'a da Asabar a garuruwan bakin teku, Dahab ko Gardaƙa, suke cika harabar ƙungiyar, fuskoki sun ƙone da rana, kowa na ƙoƙarin rigan wani magana. Wannan ya ga kunkurun teku girman faranti. Wancan ya rantse ruwa ya yi garau har ana hango mita talatin. Wata ta ce igiyar ruwa ta ja su kamar ta tsinke masu hannu, amma wallahi gobe ma za ta koma. Shi kuwa yana bakin ƙofarsa da kofin shayi, yana karɓar kaya, yana jefa tambaya: "Ruwan ya yi sanyi daga mita nawa? Iska daga ina take busowa?" Abin da ya ji daga bakin wanda ya dawo, shi yake ba wanda zai tafi.

Wata Lahadi, shekara huɗu da suka wuce, wata injiniya Bamisriya mai suna Nada ta faɗo harabar tun ba ta ajiye jaka ba tana ɗaga murya. "Ammu Uzairu! Dolfin, dabbobin tekun nan masu wasa da mutane! Bakwai, har da jariri! Sun kewaye ni, ɗaya ya zo daidai fuskata yana kallona!" Nan take aka yi mata zobe. Ta fito da waya tana nuna hoto, ana ta "Masha Allah", ana dariya. Ta ce safiya ta yi lafiya lau, da rana ne iska ta juyo daga kudu, jirgin ya yi ta rawa. Can cikin zancen ta ƙara da cewa, "Illa dai ciwon kai da ya kama ni a nutson ƙarshe, ni da abokiyar nutsona. Iskar ma wani ɗanɗanon mai take yi. Ma'alish, ba komai, rana ce kawai. Ku dai dubi wannan jaririn!"

Kowa ya duƙa kan wayar. Baba Uzairu ya ajiye kofinsa.

"Ƴata, ku biyu kanku ya yi ciwo?"

"Mu biyu. Har da ɗan tashin zuciya. Ya wuce, Ammu."

"A kan jirgin ake cika tukwanen?"

"E, injin cikawar yana can baya."

"Kusa da inda hayaƙin jirgin ke fita?"

Ta ce ita dai ba ta lura ba. Ya miƙa hannu ta ba shi na'urarta. Ya buɗe bakin da ake ɗaurawa a jikin tukunya, ya zaro ɗan matacin da ke ciki ya ɗora a kan farin ƙyalle. Abin da ya kamata ya fito fes, ga shi baƙi ƙirin, yana naso. Ya gane abin da ya faru: da iska ta juya, hayaƙin jirgin ya koma bakin injin cikawar, aka ɗura guba a tukwane. Irin wannan guba, a saman ruwa ciwon kai take sawa. A ƙasan ruwa, mutum sai dai ya sume ba tare da ya sani ba.

"Wa ke kan wannan jirgi yau?"

Aka ce Amjad, malamin nutso, da sababbin ɗalibai goma sha biyu, sun tafi tun jiya, yau ne nutsonsu na farko mai zurfi. Baba Uzairu ya dubi agogo. Lokacin nutson yamma ya yi.

Ya kira Amjad, ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Nan ma ba a ɗauka ba. Nada ta lalubo lambar matuƙin jirgin, a kira na uku aka ɗauka. Baba Uzairu, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya daka tsawa a waya: "Ba ni Amjad yanzu! Kada ƙafar kowa ta taɓa ruwa!"

Amjad ya karɓi wayar yana haki. Ya ce sun gama ɗaura kaya, biyu ma suna bakin tsanin sauka ruwa, ruwa kuma yau tamam, bai taɓa ganin kyansa haka ba.

"Khalas, ya isa, ɗana. Buɗe tukunya ɗaya ka fesa a farin ƙyalle, ka shinshina. Ina jira."

Minti ɗaya ya yi tsawon shekara. Sai aka ji muryar Amjad ta sauya: "La ilaha illallah. Ammu, warin hayaƙi." Da suka koma gaɓa aka auna, tukunya goma sha huɗu duk guba. Harabar Wustul Balad ta kaure da kabbara, Nada ta zauna a ƙasa tana kuka da dariya lokaci guda. Shi kuwa ya ɗauki na'urar da ke layi ya ci gaba da aiki, yana cewa, "Yalla, wa kuma ya je Dahab? Yaya ruwan can?"

Kai ne, Baba Uzairu, da ka ji abin da mutum talatin suka ji bai shiga kunnensu ba. Kai ne ba ka katse wa yarinya murnarta ba, ka bari ta kai ƙarshe, kuma a ƙarshen ne maganar take. Gwanin Bahar Maliya, mai hannun da ba ya gaggawa! Ummul-Khairi, ɗalibar likitanci daga Damagaram, ta shaida cewa ranar da ta zo tana jin kunyar tambaya, da Hausa ka tarbe ta, ka nemo mata rigar nutso mai rufe jiki da kai, ka ce, "Teku ba ta wasu ba ce, ƴata." Bara ta yi nutsonta na hamsin. Wasu sun shaida ka hana wani babban jami'in ofishin jakadanci daga unguwar Zamalek tafiya da na'urar da ba ka gamsu da ita ba, ya yi fushi ya yi faɗa, ka ce masa fushinsa ya fi maka sauƙi a kan gawarsa.

Yanzu ido ya gaji, ƙananan robobin nan sun fara yi masa wasan ɓuya, Baba Uzairu ya ce zai ajiye aiki tun bai yi kuskure a kan ran wani ba. Lahadin da ta gabata aka yi masa walimar sallama, harabar ta cika har titi. Ana cikin haka Amjad ya shigo da wasu mutum tara, maza da mata, ɗaya da goyo, suka jeru a gabansa. Baba Uzairu ya gyara tabarau, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya juya ya ce, "Su wane ne waɗannan baƙin? A ba su kujera mana."

Amjad ya ce, "Ammu, ƴan jirgin nan ne. Ukun da ba su zo ba suna ƙasashen waje, sun ce a gaishe ka."

Bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. Dattijon ya cire tabarau ya rufe ido da tafin hannu.

Mun gode, Baba Uzairu. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka hutu mai daɗi da lafiya. Ku kuma masu gyara da masu koyarwa, a teku ko a tudu, ku yi aiki domin mutanen da ba za ku taɓa sani ba, kamar yadda wannan bawan Allah ya yi shekara talatin da ɗaya.