Malam Isiyaku da Gawar Inna Lami

Ina wanke motar maigidana a unguwar Abhur ta Jidda aka bugo mini daga Kano cewa Malam Isiyaku ya rasu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na yi kuka, amma fushina ya fi kukan yawa, kuma da mu mutanen unguwar Sa'alaba nake.

Koyarwa ta kawo Malam birnin Jidda, da iƙamarsa, wato takardar zama, lafiyayya. Shi ya koya mini karatu a tsakar gidansa bayan la'asar. Yana bin doka har muna yi masa dariya, ko titi ba ya tsallakawa sai inda aka ware. Yakan ba mu labarin wani dattijon Girka na zamanin dā, wanda birninsu ya yanke masa hukuncin shan guba bisa zalunci. Ɗalibansa suka shirya masa hanyar gudu, ya ce ba inda za shi.

"Ya ƙi yin shiru, ya kuma ƙi gudu," in ji Malam. "Garin da ka sha ruwansa yana da iko da wuyanka, amma ba shi da iko da abin da za ka faɗa wa Allah."

Sai Inna Lami mai gyaɗa ta rasu a ɗakin da ya ba ta. Aikin Umara ta zo yi ta zauna, ba ta da takarda ko ɗaya, kuma duk wanda ya kai rahoto za a tambaye shi wa ya ɓoye ta. Manyan unguwa suka ce, "Malam, a ajiye ta a ƙofar masallaci, shi ke nan, hukuma ta ɗauka." Tsohuwar da ta yi wa matansu wankan jego.

Malam ya sa rigarsa ya tafi wajen hukuma. Ya ce a gidansa take, shi ya sauke ta, kuma ya san doka ta hana. Aka binne ta da sunanta. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa a kan takardar zama, ya janye hannu, aka soke iƙamar. Na roƙe shi ya ɓuya a wajena.

"Ɗana," ya ce, "da idona biyu na karya dokarsu. Bari su karɓi hakkinsu." Haka aka mayar da shi Kano.

Yau manyan nan suna zaune a kan tabarmar ta'aziyya, suna cewa ai shi ya jawo wa kansa. Ba ku ji kunya ba? Rabinmu ba mu da takarda.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba Hajiya Rakiya matarsa da yaran haƙuri. Mu kuma, ranar da tamu ta zo, Allah ya ba mu wanda zai ce a gidansa muke.